Wasiƙa daga Ohayo: Gardamarmu a kan makarantar Auta

Ku yi mani afuwa, kwana biyu ban rubuto ba.

Abin da ya zaunar da ni gaban kwamfuta yau wata gardama ce da muke yi da uwargida sati biyu ke nan, a kan firamaren da Auta take aji uku. An kira taron iyaye, shugabar makarantar ta miƙe ta gaya mana ba ɓoye-ɓoye cewa jiha ta sa makarantar cikin kashi 5 bisa 100 da suka fi kowa rauni a makarantun da ke karɓar tallafin gwamnatin tarayya. Tun a mota uwargida ta ce sai a cire yarinya. Ni kuwa na ce ba inda za ta. Yaya, kai da ka yi shekaru kana hedimasta, kai nake so ka raba mu, amma bari in shimfiɗa maka yadda abin yake tukuna.

Mutanen gida suna zaton gwamnatin tarayya ce ke ɗaukar nauyin makarantu a Amurka. Ba haka ba ne. Abin da take bayarwa bai cika wuce kashi 10 bisa 100 ba, sauran daga jiha ne da harajin gidaje na yanki. To kun ga inda gizo ke saƙa: inda gidaje ke da tsada makaranta tana cikin wadata, unguwar talakawa kuwa sai lallaɓawa. Nan Ohayo tun 1997 kotun ƙolin jiha ta ce wannan tsari ya saɓa wa kundin tsarin mulkin jihar. Don a rage irin wannan giɓi ne shugaba Lyndon Johnson, wanda shi kansa ya taɓa koyar da 'ya'yan talakawa a Texas, ya sa hannu a wata doka a 1965. Babinta na farko, wanda kowa ke kira Title I, shi ne ke tura kuɗi makarantun da 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi suka yi yawa. A 2023 kuɗin ya haura dala biliyan 18. A makarantar Auta, da shi ake biyan malamar da ke zaunar da yara huɗu ko biyar a gefe tana gyara masu karatu.

Amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A Janairun 2002 shugaba George W. Bush ya sa hannu a dokar No Child Left Behind, wato kada a bar yaro ko ɗaya a baya. Dokar ta ce kowace shekara a jarraba yara a karatu da lissafi daga aji uku zuwa takwas, kuma kafin 2014 ta wuce kowane yaro ya kai matakin da jiha ta gindaya. Kowane yaro fa, ɗari bisa ɗari! Yaya, ka taɓa ganin ajin da kowa ya ci jarrabawa? Makarantar da ke karɓar tallafin idan ta gaza shekara biyu a jere, sai a ba iyaye damar ɗauke 'ya'yansu. A shekara ta uku a biya wa yara lasin daga kuɗinta. In tafiya ta yi nisa ana iya sauya malamai da shugabanni. Makarantar masu hali da ba ta karɓar ko sisin tallafin, wannan bulala ba ta hawa kanta.

Ni ganau ne ba jiyau ba. A 2007 irin wannan takarda ta zo mani a kan babban yayan Auta, lokacin bai fi shekara biyu da zuwa ƙasar ba. Ban yi shawara da kowa ba na mayar da shi wata makaranta mai kyakkyawan sakamako. Kullum sai ya fita da duku-duku ya shafe kusan awa guda a bas. Can ɗin babu wanda ya saba da yaron da Turanci bai zauna masa a baki ba, aka ajiye shi bayan aji kamar baƙon da ba a gayyata ba. Malamar da na raba shi da ita, wadda ta koya masa haɗa baƙi cikin wata shida, ita ce aka rubuta makarantarta ta gaza. Sai daga baya na gane cewa lambar da na gani ba ta auna nisan da yaro ya yi daga inda ya faro, tana duba ko ya tsallake layi ne kawai. Har yau in na tuna sai in ji ba daɗi.

Matsin nan ya haifar da abubuwan kunya. A Atlanta, binciken da ya fito a 2011 ya ambaci malamai da shugabannin makarantu 178 a makarantu 44 da gyara amsoshin yara, kuma a 2015 kotu ta kama 11 da laifi. Ban wanke su ba, amma wanda ya ɗaura abincin mutum a kan lamba ɗaya shi ma yana da kasonsa.

Duk da haka, in abokaina a masallaci suka ce a soke jarrabawar gaba ɗaya, ba na tare da su. Alheri ɗaya da dokar ta yi shi ne ta tilasta a rarrabe sakamako: na baƙaƙen fata daban, na 'ya'yan talakawa daban, na masu koyon Turanci daban, na masu naƙasa daban. Kafin nan makaranta za ta iya ɓoye 'ya'yanmu cikin jimilla, a ce komai lafiya. Wanda ba a ƙirga shi ba, wa zai tambayi inda ya kwana?

Abin da nake ta ƙoƙarin nuna wa uwargida shi ne zamani ya sauya. A Disamban 2015 shugaba Obama ya sa hannu a dokar da ta maye gurbin waccan. An bar jarrabawar shekara-shekara, amma an jefar da zancen ɗari bisa ɗari, an bar wa jihohi su tsara yadda za su gyara masu rauni, kuma kowace jiha tana ware kashi 7 bisa 100 na tallafin don wannan gyara. Wato shiga jerin nan yanzu yana iya jawo wa makaranta ƙarin hannu. Ita kuma ta ce duk wannan zancen takarda ne, yarinya ba za ta maimaita shekara takwas a duniya ba, ba za a yi gwaji da ita ba. Gaskiya ban da amsar da ta gamsar da ita a nan.

Akwai kuma laifinmu, dole in faɗa ko da zai sosa wa wasu rai. Cikin abin da ake aunawa har da fashi: yaron da ya rasa kashi 10 bisa 100 na lokacin karatu, wajen kwana 18 ke nan a shekara, an rubuta shi mai yawan fashi. Mu nawa ne ke kwashe yara a tsakiyar zango mu taho gida biki wata guda saboda tikiti ya fi araha? Ni ma na yi, shekarar auren ƙanwar uwargida. Sannan mu dawo muna cewa malamai ba sa aiki.

Yanzu dai mun tsaya a kan cewa Auta za ta ƙarasa wannan shekara a nan. Na karɓi aikin zuwa ajinsu duk ranar Alhamis da safe ina sauraron yara suna karatu, kuma na nemi malamarta ta riƙa nuna mani inda yarinyar take duk ƙarshen wata. In bazara ta zo ba mu ga motsi ba, na yi alkawari zan bi maganar uwargida.

Yaya, ina jiran amsarka, ko da ni za ka ba rashin gaskiya. A gaida Inna da kyau, a ce mata Auta ta sauke izu biyu. Sai wani jiƙon.

Naku a kullum.