Igiyar da Ke Riƙe da Rayukan Sojojin Ruwa

Jirgin yaƙin da zai sauka a kan jirgin ruwa ba shi da dogon filin da zai yi ta gudu har ya tsaya. Yana tahowa da gudun kusan kilomita 240 a awa, ya saƙala ƙugiyar da ke wutsiyarsa a ɗaya daga cikin igiyoyin ƙarfe uku ko huɗu da aka gitta, cikin daƙiƙa biyu ya tsaya cak. Wani inji da ke ƙarƙashin dandamalin jirgin ruwan ne ke shanye ƙarfin, kuma dole a saita shi daidai da nauyin kowane jirgi.

To, idan igiyar ta tsinke fa? Ta riga ta rage wa jirgin gudu, ga shi bai tsaya ba, tashi kuma ya yi wuya. Ita kuwa sai ta dawo kamar bulala, ta share duk wanda ke tsaye a hanyarta.

Haka ta faru a 2003 a kan jirgin ruwan Amurka George Washington. Jirgin F/A-18 ya faɗa teku, matuƙinsa ya tsira da laima, sojoji da dama suka ji rauni. A hoton bidiyon ana ganin wani mai rigar ruwan ɗorawa ya daka tsalle har sau biyu, igiyar tana wucewa ƙarƙashin ƙafafunsa.

A Maris ɗin 2016 abin ya maimaitu a kan jirgin ruwan Eisenhower, sojoji takwas suka ji rauni. Jirgin E-2C ya zarce, ya sulluɓa ƙasa har ya ɓace wa gani, da ƙyar matuƙansa suka ɗago shi kafin ya taɓa ruwa. Bincike ya gano cewa masu gyara sun tsallake wasu matakai lokacin da suke aiki a kan injin igiyar. A Disambar wannan shekarar Rasha ta yi asarar jirgin Su-33 a Bahar Rum, bayan igiya ta tsinke a kan jirgin ruwan Admiral Kuznetsov. A Mayun 2025 kuma wani F/A-18 ya faɗa Bahar Maliya daga kan jirgin ruwan Harry Truman, bayan igiya ta kasa tsayar da shi.

Abin takaici shi ne ana yi wa matuƙi kirari, ana mantawa da matashin da ke ƙasa cikin maiƙo da zafi, yana duba igiya da inji dare da rana. Gajiyarsa ko ƙarancin horonsa na iya halaka mutane da jirgin miliyoyin daloli. Ɗora masa laifi shi kaɗai bayan an yi ɓarna zalunci ne, domin manyansa ne ke tsara yawan aiki da lokacin hutu.

Ya kamata shugabannin rundunonin ruwa su wadata masu gyara da horo da hutu, su kuma ba su ikon dakatar da sauka duk lokacin da suka ga alamar matsala.