Kada A Yi Shela Sai An Tabbatar

A daren 21 ga Janairu 2014, wani malami a wata jami'a ta London, Steve Fossey, yana koya wa almajiransa huɗu yadda ake aiki da madubin hangen taurari. Hadari ya fara rufe sama, sai suka yi hanzari suka juya madubin ga wani garken taurari da ake kira M82. Nan malamin ya ga wani ɗigon haske a wurin da ya san da babu shi. Ashe tauraro ne ya fashe, irin fashewar da masana ke kira sufanoba, haskensa kuwa ya yi wajen shekara miliyan 12 yana tafiya kafin ya iso idonsu.

Abin da ya fi ba mu sha'awa a labarin nan shi ne abin da malamin ya yi bayan ya gani. Bai yi shela ba tukuna. Sai da ya gwada hotonsa da tsofaffin hotunan wurin, sa'an nan ya sāke dubawa da wani madubi dabam, domin kada ya zama aibin na'ura ne ya ruɗe shi. Daga nan ya kai rahoto. Wasu masana kuma suka raba hasken zuwa launukansa, kamar yadda bakan gizo ke yi, suka karanta sinadaran da ke ciki, suka shaida irin fashewar.

Haka ƙa'idar take. Ɗigon haske yana iya zama dutsen da ke yawo a sararin sama ne ya gitta, ko wani tauraro na kusa da ke ƙaruwa yana raguwa. Sai an kawar da waɗannan duka kafin ƙungiyar masana taurari ta duniya ta amince cewa fashewar tauraro ce. In an ga alamar haidirojin a hasken, to, babban tauraro ne ya ƙare makamashinsa ya rushe. In babu ita, aka ga ta silikon, to, wani ƙaramin farin tauraro ne ya tarwatse. Da irin wannan na biyu aka auna nisa, har a 1998 aka gano faɗin samaniya yana ƙara saurin buɗewa, aikin da ya jawo wa mutum uku lambar Nobel a 2011.

Wani zai ce, ina amfanin wannan jinkiri, tun da gani ya kori ji? To, ai ido ma yana buƙatar shaida. A 1885 an ga irin wannan haske a garken Andoromeda, amma ba a gane girman al'amarin ba, don ba a san nisan wurin ba. Sai bayan kusan shekara 40, da Edwin Hubble ya nuna garken nan yana can waje da namu, aka fahimci ƙarfin fashewar. Tun a 1006 kuma wani likita a Masar, Ali ɗan Ridwan, ya ga sabon tauraro, ya rubuta wurinsa da haskensa a tsanake. Don ya rubuta daidai, masana suna amfani da bayaninsa har yau.

Ya ku akawuna, wannan darasi naku ne. Lambar da aka shigar a littafi ba tare da bincike ba, ko rahoton da aka aika sama bisa jita-jita, yana iya jawo wa talaka hasarar gonarsa ko mutuncinsa. Ku duba sau biyu, ku nemi wani ya sāke dubawa, sa'an nan ku sa hannu.

Ku kuma malaman makaranta, kada ku ce aikin nan na masu manyan na'urori ne kaɗai. Wani limamin coci a Ostareliya, Robert Evans, ya haddace kamannin garken taurari fiye da dubu, ya gano fashewa 42 da idonsa, yawancinsu ta ƙaramin madubi. Mu da muke da sama garau a yawancin dararen shekara, me zai hana ku fitar da yara da dare, ku nuna musu Kaza da 'Ya'yanta, ku sa su rubuta abin da suka gani da ranarsa? Yaron da ya saba bambanta abin da ya gani da abin da ya zata, lalle shi ne gobe za a amince wa da littafin baitulmali. Allah ya sa mu gane.