Kwaɗon Kolambiya da Kwaɗin Bakalori

A dazuzzukan ƙasar Kolambiya, inda ruwan sama ba ya yankewa, akwai wani ɗan kwaɗo rawaya wanda tsawonsa bai wuce santimita 5 ba, amma dafin fatarsa ya isa ya hallaka mutane da dama. Mutanen Embera kan goga tsinin kibiyoyinsu a bayansa, kamar yadda maharbanmu ke dafe kibiya da kwankwani. Launinsa mai ɗaukar ido gargaɗi ne ga maƙiyi, shi ya sa yake yawonsa da rana tsaka. Uban ne ke goya 'ya'yansa a baya har ya kai su ruwa. Shi da danginsa daga tururuwa da ƙananan ƙwarin da suke ci suke tara dafin. Wanda aka haifa a ɗakin bincike ba shi da dafi.

Masana sun raɗa masa suna Phyllobates terribilis a 1978, shekarar da aka kammala madatsar ruwa ta Bakalori. Tun daga lokacin an yi ta rubuce-rubuce a kansa. To, mu fa, me muka rubuta game da kwaɗin da ke kuka a shinkafar Dakko, Bakura, Maradun da Talata Mafara?

Alhali kuwa namu ma ba kanwar lasa ba ne. Kwaɗon da muke tsallakewa a gindin randa yana da ƙulli biyu a bayan idanunsa, cike da farin dafi, wanda ke sa karen da ya cije shi dalalar da yawu. A dazuzzukan Afirka ta Yamma kuma akwai wani ja da baƙi mai fakewa cikin gidan gwano da rani. A 2013 masana suka nuna cewa sinadarin fatarsa ne ke hana gwano cizonsa.

Haƙiƙa kwaɗo ta fata yake shan ruwa, saboda haka duk maganin feshin da aka zuba a fadama sai ya ratsa jikinsa. In ya ƙare, ƙwarin da yake cinye wa manomi kyauta su yawaita, manomi ya ƙara sayen magani, ragowar ta gangara ruwan da ake sha. Binciken 2023 ya nuna kusan kashi 41 cikin 100 na nau'o'in kwaɗi da danginsu a duniya suna fuskantar ƙarewa.

Don haka muna kira ga 'yan'uwanmu ɗaliban kimiyya a Sakkwato da Gusau su shiga fadamun nan da damina, su ƙidaya, su tambayi dattawa sunan kowane iri. Ku kuma malaman gona, ku koya wa manoma feshi bisa ƙa'ida, nesa da magudanan ruwa. Gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa. Allah ya sa mu farga tun kukan kwaɗi bai ɗauke ba.