RA'AYINMU: Yawon Amarci A Ƙasar Waje, A Duba Abin Ci Da Abin Takawa

  

Sanin kowa ne cewa a wannan yanki namu, tun daga Funtuwa da Bakori da Ɗanja har zuwa Ƙafur da Malumfashi, kaka ita ce lokacin aure. Da zarar an karya masara, an casa waken suya, an kai auduga ma'auna, sai ka ji sanarwar ɗaurin aure kusan kowace Juma'a da Asabar, kuma wannan abin godiya ne ga Allah. To amma a 'yan shekarun nan wata sabuwar al'ada ta kunno kai a tsakanin 'ya'yan manyan manoma da fataken hatsi da ma'aikata, wato ango ya ɗauki amaryarsa bayan tarewa su tafi yawon cin amarci ƙasar waje, wasu Umara, wasu Dubai ko Masar ko Turkiyya ko Maleshiya. A majalisun samari yanzu ana tambayar wane gidan abinci za a shiga a can, wane irin takalmi kuma za a saka. Wani zai ɗauki waɗannan a matsayin ƙananan tambayoyi. Mu kuwa muna ganin a nan ne ake gane ko don kyautata wa amarya aka yi tafiyar, ko don a ɗauki hoto a nuna wa jama'a.

Tun farko muna so 'yan'uwa su sani cewa tafiyar miji da matarsa halal ce, kuma ba mu haramta abin da Allah bai haramta ba. Hasali ma akwai amarcin da aka yi a kan hanya a tarihin Manzon Allah (S.A.W.) kansa. A shekara ta 7 bayan Hijira, a kan hanyarsa ta dawowa daga Haibara, ya tare da Uwar Muminai Safiyya (R.A.), aka yada zango na kwana uku kafin a isa Madina. Anas ɗan Malik (R.A.) ya ba da labarin cewa walimar ba ta da nama ba ta da gurasa, dabino ne da cuku da man shanu aka zuba a kan shimfiɗar fata, jama'a suka ci. Ya kuma ba da labarin cewa idan za a tashi, Manzon Allah (S.A.W.) yakan durƙusa kusa da raƙumi ya kafa gwiwarsa, Safiyya ta ɗora ƙafarta a kai ta hau. Abinci mai sauƙi na halal, da miji mai kula da inda matarsa za ta sa ƙafa: wannan shi ne ma'aunin da muke kira a auna kowace tafiyar amarci da shi.

Abu na farko shi ne guzuri. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, aka kuma saki Naira a watan Yuni na shekarar, Dalar da ake samu a hukumance ƙasa da Naira 500 ta haura Naira 1,500 a 2024, kuɗin kujerar Hajji kuma ya wuce Naira miliyan 8 a 2025. A shekarar 2025 ɗin ne kuma manoma suka yi ta kokawa da faɗuwar farashin masara alhali taki bai sauko ba. Duk kwanon shinkafar da za a ci a Dubai ko Istambul, buhunan da aka kai kasuwar Ɗandume ne za su biya shi. Saboda haka wanda zai jinginar da gona, ko ya sayar da shanun noma, ko ya taɓa kuɗin takin baɗi don ya hau jirgi da amarya, ya sani ya ci amarcin mako biyu ne da abincin shekara. Aya ta 67 a Suratul Furƙan ta yabi waɗanda ke tsayawa tsakiya wajen ciyarwa, aya ta 27 a Suratul Isra'i kuma ta haɗa masu almubazzaranci zumunta da shaiɗanu. Kada kuma mai hali ya manta da 'yan'uwanmu na Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara waɗanda 'yan bindiga suka raba da gonakinsu. Daidai ruwa daidai tsaki.

Abu na biyu shi ne abinci. Kasancewar ƙasa ta Musulmi ba ya nufin kowane gidan abinci a cikinta ya tsarkaka. A Dubai manyan otal da yawa suna sayar da giya, wasu kantuna kuma suna da sashe na musamman na naman alade. A Istambul naman alade bai yawaita ba, amma gidajen abincin da ke kawo giya a tebur suna da yawa a unguwannin baƙi, alhali hadisi ya hana mumini zama a teburin da ake zagayawa da giya. A Maleshiya abin ya fi sauƙi, domin hukumar JAKIM tana ba da tambarin halal wanda ake liƙawa a ƙofar shago. A Ingila akwai ƙungiyoyi masu irin wannan aiki, kamar HMC. Gaskiya ne aya ta 5 a Suratul Ma'ida ta halatta abincin Ma'abota Littafi, amma malamai sun yi saɓani a kan naman mahautan zamani, don haka inda aka yi shakka kifi da ƙwai da ganyaye sun wadatar. A riƙa tambaya ko an sa giya a miya ko kitsen alade a kayan zaƙi, domin matambayi ba ya ɓata, kuma hanya mafi sauƙi ita ce a je masallacin unguwa a tambayi masallata inda su suke ci.

Masu zuwa Umara sun huta da wannan damuwa, har tuwo da miyar kuka suna samu wajen Hausawa mazauna Makka. Sai dai su kiyaye dokokin ƙasa: Saudiyya ta hana shiga da goro, kamar yadda Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai suka hana matafiyi daga ƙasashenmu shiga da nama, wanda ya haɗa da kilishi da dambu. Muna kuma tunatar da anguna cewa amarya baƙuwa ce mai kunya, tana iya wuni da yunwa ba ta ce uffan ba idan abincin bai karɓe ta ba. A tambaye ta abin da take so, kada a ɗora mata abin da cikinta bai saba da shi ba don kawai sunan gidan abincin ya shahara.

Abu na uku shi ne takalmi. Akwatin lefe cike yake da takalma masu tsini da jakunkunan da suka dace da su, amma babu wanda ya yi tunanin ƙafar da za ta yi tafiya. Sa'ayi kaɗai tsakanin Safa da Marwa, sau 7, ya kai kimanin kilomita 3, ban da ɗawafi, wanda ke ƙara tsawo matuƙa idan cunkoso ya tura mutum saman bene, ban da kuma zirga-zirga daga masauki zuwa Harami sau biyar a rana. Tsofaffin unguwannin Istambul kuwa hawa ne da gangara a kan daɓen duwatsu. Don haka a sayi takalmi marar tudun dunduniya, mai taushin ƙasa, mai yalwar da yatsu za su sake. A gwada shi da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, a kuma yi mako biyu ana sa shi a gida kafin tafiya, domin sabon takalmi shi ke cin ƙafa. Namiji mai harami zai sa wanda bai rufe idon sawu ba, mace kuwa takalminta da safarta babu laifi. A tanadi ƙaramar jaka ta zuba takalmi idan za a shiga masallaci, saboda wanda nasa ya ɓace ya taka daɓen titi da tsakar rana zai iya ƙonewa, musamman mai ciwon suga wanda ba ya jin zafin sai fata ta salube. Ango ya daidaita takunsa da na matarsa, kada ya yi gaba ya bar ta tana ɗingishi a bayansa cikin garin da ba ta san kowa ba.

Akwai kuma haƙƙin uwargida ga mai ƙara aure. Sunna ta keɓe wa budurwa kwana 7, bazawara kwana 3, daga nan sai rabon kwana, kuma Manzon Allah (S.A.W.) ƙuri'a yake yi tsakanin matansa idan zai yi tafiya. Wanda ya kwashe amarya wata guda ba da yardar uwargida ba, ya shuka fitinar da tsaraba ba za ta kashe ba.

A ƙarshe muna kira ga iyaye da ƙawayen amare da su daina sa wannan tafiya cikin sharuɗɗan aure, domin kayan lefe da na ɗaki sun riga sun isa su hana samari da yawa aure. Wanda Allah Ya hore wa ya tafi, ya ci halal, ya tsare sallarsa, ya kula da matarsa. Wanda bai samu ba ya zauna a ɗakinsa da tuwon masarar gonarsa, aurensa bai ragu da komai ba. Allah Ya sanya albarka a aurarrakinmu, Ya kai matafiyanmu lafiya Ya dawo da su lafiya, Ya kuma zaunar da yankinmu lafiya, amin.