Da wane mudu ake auna likitan bincike a fannin cututtukan ciki?

Kowane malamin jami'a da ke neman ƙarin girma a Nijar, Kamaru ko Cadi ya san hukumar CAMES, wadda aka kafa a Yamai a 1968, hedikwatarta kuma tana Wagadugu. Ita ce ke tantance takardun malamai, cikinsu har da likitoci, kuma maƙalolin da mutum ya wallafa suna da nauyi sosai a wurinta. A duniya ma haka abin yake: ana ƙirga maƙaloli, sannan a ƙirga sau nawa wasu masana suka ambace su.

Mudun da ya fi yaɗuwa shi ne ma'aunin h, wanda masanin kimiyyar lissafin halitta Jorge Hirsch ya ƙirƙiro a Amurka a 2005. Idan aka ce likita yana da h 20, ana nufin yana da maƙaloli 20 da aka ambaci kowace ɗaya aƙalla sau 20. Ma'aunin yana da amfani, domin yana hana mutum tara tulin takardun da ba wanda ya karanta. Sai dai tarihin binciken cututtukan ciki ya nuna inda ƙarfinsa ya tsaya.

A 1983 ƙungiyar likitocin ciki ta Ostireliya ta ƙi karɓar taƙaitaccen rahoton Barry Marshall da Robin Warren, waɗanda suka ce ƙwayar cutar Helicobacter pylori ce ke haddasa gyambon ciki. A 1984 Marshall ya sha ƙwayar da kansa don ya tabbatar da maganarsu. Sai a 2005 suka samu lambar yabo ta Nobel. Da an auna su da yawan ambato a shekarun farko, da mudun bai nuna komai ba.

Labarin Dilip Mahalanabis na Indiya ya fi wannan taɓa zuciya. A 1971 kwalara ta ɓarke a sansanin ƴan gudun hijirar Bangaladash da ke Bangaon, ruwan ƙarin jijiya kuma ya yi ƙaranci. Sai ya dinga ba majinyata haɗin ruwa, gishiri da sukari ta baki, mace-mace suka sauko daga kusan kashi 30 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 4. Wannan haɗin ne ake kira SRO a asibitocinmu. Uwar da ta dama shi a ƙauye ba ta ambaton kowa a mujalla, don haka aikin da ya ceci ɗanta ba ya shiga lissafi.

Akwai kuma matsalar inda ake ƙirgar. Manyan rumbunan Scopus da Web of Science sun fi ɗaukar mujallun Ingilishi, mujallun Afirka da yawa masu fitowa da Faransanci ba sa ciki. Likitan da ya yi nazari kan ciwon hanta ko gudawar yara a Damagaram ko Garwa, ya wallafa a mujallar yankinsa, yana iya canja yadda ake jinya a asibitinsa alhali ma'auninsa bai motsa ba.

Wani lokaci mudun biyu kan haɗu. Gwajin allurar baki ta Rotasiil da cibiyar Epicentre ta ƙungiyar MSF ta yi wa jarirai kusan 3,500 a jihar Maraɗi ya fito a mujallar New England Journal of Medicine a 2017. Rigakafin ya rage gudawa mai tsanani ta rotabairos da kusan kashi 67 cikin 100, kuma yana jure zafi. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi.

Tun 2012 sanarwar DORA ta San Faransisko ta buƙaci a daina hukunta mai bincike da sunan mujallar da ya wallafa a ciki. Abin da ya rage wa jami'o'i da ma'aikatun lafiya na yankinmu shi ne su ƙara wasu tambayoyi a kan ƙirgar: binciken ya shiga ƙa'idojin jinya na ƙasa? Ɗalibai nawa likitan ya yaye? An fassara sakamakon zuwa harshen majinyata? Idan girma ya rataya a kan ambato kaɗai, matasan likitoci za su bi abin da ake ambata a Turai, gudawar yara da kwalara kuwa su rasa masu bibiyarsu.