Sabuwar taya, mota tana rawa: kada a ce "za ta zauna"

Yau maganarmu a kan a-kori-kura take, motar da ke ɗaukar mu da kayan gonarmu. Ita ke kwaso zogale da tumatir da albasa daga lambunan Jiratawa zuwa kasuwar Maraɗi. Ita ke kai taki da iri Tibiri idan damina ta gabato. Idan naƙuda ta yi tsanani da dare a ƙauye, sau da yawa a bayanta ake shimfiɗa tabarma a kawo mace asibiti. Saboda haka lafiyar wannan mota ta shafi har wanda bai taɓa riƙe sitiyari ba.

Ga abin da ake yawan gani. Mai mota ya sayi sababbin tayoyi, an sa masa. Cikin gari ba ya jin kome. Da ya hau kwalta ya miƙi hanyar Tibiri, sai sitiyari ya soma karkarwa a hannunsa. Idan ya koma wurin wanda ya sayar masa, sai a ce: "Alhaji, sabuwa ce, bari ta ci hanya, za ta zauna."

Ni a ganina wannan magana ba ta da tushe, kuma bai kamata a karɓe ta ba. Taya ba takalmi ba ce da za ta saba da ƙafa. Wuri ɗaya ne maganar take da ɗan ƙamshin gaskiya: tayar da ta daɗe a tsaye takan ɗan baje ta gefen da ta taka ƙasa, amma da ta yi zafi bayan ƴan kilomita sai ta koma daidai. Rawar da ta kwana ta tashi, wannan tana da dalili, kuma ana iya gano shi.

Dalilin da ya fi yawa shi ne rashin daidaiton nauyi. Babu tayar da ke fitowa daga masana'anta da nauyi ɗaya a kowane gefe. Wani gefen yakan ɗara wani. A ce bambancin giram 50 ne, kamar nauyin ƙwan kaza guda. Ai ba wani abu ba ne, ko? To, mu yi lissafi. Tayar Hilux tana cin mita biyu da ƴan kai a kowane juyi. Idan mota tana gudun kilomita 90 a awa, tayar tana juyawa kusan sau 11 a daƙiƙa ɗaya. A wannan gudu, giram 50 ɗin nan da ke bakin taya yana fizgar ƙafar mota da ƙarfin fiye da kilo takwas, sama da ƙasa, ba hutu. Idan gudu ya ninka biyu, fizgar tana ninka huɗu. Shi ya sa direba ba ya jin kome a cikin kasuwa, sai ya fita bayan gari.

Maganin wannan ba shi da wuya. Ana ɗora taya a kan na'urar awo, ta juya ta, ta nuna gefen da ke da sauƙi. Sai a maƙala ɗan guntun dalma a jikin ƙarfen da taya ke zama a kansa, wanda wasu ke ce wa janti, wasu wili. Mai faci na bakin hanya ya iya cire taya ya mai da ta, amma yawanci ba shi da wannan na'ura, kuma ido ba ya auna giram 50. Duk wanda zai sayi taya, ya sa kuɗin awo cikin lissafinsa tun daga gida, kamar yadda mai sayen buhun gero ke lissafa kuɗin dako.

Amma kafin a kashe ko dala, direba ya saurari motarsa, domin ita kanta tana faɗin inda ke mata ciwo. Idan rawar a sitiyari take, a dubi tayoyin gaba. Idan a kujera take, ko kayan da ke baya ne ke tsalle, a dubi na baya. Mai shakka ya mai da na gaba baya, na baya gaba, ya sake bin hanyar da ya bi da irin gudun da ya yi. In rawar ta bar hannunsa ta koma kujera, ya kama ɓarawonsa. Idan kuwa mota tana rangaji tun tana tafiya sannu, kamar mai ɗingishi, wannan ba maganar dalma ba ce. Ko janti ya lanƙwashe a rami, ko taya ba ta zauna daidai a bakinsa ba, ko kuma wayoyin cikinta sun rabu da roba. A ɗaga ƙafar da jak, a juya ta da hannu, a zuba mata ido. Akwai wani siririn layi da ya kewaye taya dab da bakin janti. Ya kamata tazararsa da ƙarfen ta zama ɗaya ko'ina. In ya nutse a wani gefe, a sace iska a sake zaunar da ita. In an ga ƙulu ko kumburi, wannan taya ta gama aiki, ko da jiya aka saye ta.

Rawar da ba ta zuwa sai an taka birki, ta birki ce. Wadda ke zuwa idan an ba mota wuta da kaya a bayanta, a dubi farfela. A nan ba laifin mai taya.

Abu na farko da za a taɓa kuwa shi ne notocin ƙafa. Yaron mota yakan ɗaure ɗaya tamau kafin ya taɓa sauran, sai janti ya zauna a karkace. Ana ɗaure su kaɗan-kaɗan, wannan sannan wanda ke fuskantarsa ta ɗaya gefen. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 a sake gwada su, domin sukan saki. Ƙafar da ta fita daga mota mai ɗauke da mutum goma sha biyar, ba sai na faɗi abin da ke biyo baya ba. A kuma kankare busasshen laka da ke maƙalewa cikin janti. Motar da ta shiga fadamar Gulbin Maraɗi da damina takan fito da laka da ya fi ƙwan nan nauyi sau da yawa.

Sai wata magana da masu sayarwa ba su so. Da yawa daga tayoyin da muke kira sababbi, a wurinmu kaɗai suke sababbi. Gwanjo ne, sun gama aiki a Turai, an wanke su an shafa musu baƙi. Zanensu yana nan, amma robar ta tsufa, ga zafin kwaltarmu a watan Afrilu. A nan wanda ya iya karatu ya fi ƙarfin a cuce shi, domin kowace taya tana ɗauke da ranar haihuwarta a jikinta. A nemi haruffa uku, DOT. A ƙarshen layin akwai lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan an ga 1522, an yi ta a mako na 15 na shekarar 2022. Kamfanin Michelin da kansa yana ba da shawara a riƙa duba taya kowace shekara idan ta yi shekara biyar tana aiki, a sauke ta idan ta kai goma, ko zanenta bai cinye ba. A kuma karanta girmanta, misali 205 R16 C. Harafin C yana nufin tayar ɗaukar kaya ce. Tayar ƙaramar mota ba ta buhun albasa ba ce. Tayoyi biyu da ke gaba su zama iri ɗaya, girma ɗaya, haka na baya.

Na san abin da direba zai ce: ciniki ya yi ƙasa, mai ya yi tsada, motar kuma tana kai shi inda za shi. Gaskiya ne. To amma rawar nan ba kyauta take yi ba. Tana cinye sabuwar tayar tabo-tabo kafin lokacinta. Tana kashe shokozoba, tana sassauta ƙarafan sitiyari. Tana farfasa tumatir tun bai kai kasuwa ba, manomi ya sayar da araha. Marar lafiyar da ke kwance a baya kuwa, shi ya san abin da yake ji. Kuma tayar da ke tsalle ba ta riƙe ƙasa sosai ranar da jaki ya faɗo hanya.

Ku kuma fasinjoji, kuna da bakin magana, domin kuɗinku kuka biya. Idan kun ji mota tana karkarwa a kan kwalta mai kyau, ku ce wa direba cikin ladabi ya rage gudu, ya tsaya a duba notoci. Mai mota kuma ya koma wurin mai taya a ranar da ya ji rawar, tun tayar ba ta nuna alamar ci ba. Bayan mako biyu za a ce masa ramukan hanya ne suka ɓata ta, kuma ba shi da shaidar da zai kawo.