Tamale: Wace ƙaramar hukuma ce ta cancanci yabo a kafafen sada zumunta?

Kusan kowace shekara, tsakanin watan Agusta da Satumba, madatsar ruwa ta Bagre da ke Burkina Faso kan cika ta batse, sai kamfanin SONABEL ya buɗe ƙofofinta. Ruwan ya biyo kogin Farin Volta ya gangaro arewacin Ghana, ya shanye gonakin masara da shinkafa da ke bakin gaɓa a yankunan Savelugu da Kumbungu da Tolon. Birnin Tamale ba a bakin kogin yake ba, amma daga nan yake sha: a Nawuni ake ɗibar ruwan, a tace shi a Dalun, sannan a turo shi gari. Hukumar agajin gaggawa ta NADMO kan fitar da gargaɗi kafin a buɗe madatsar. Abin dubawa shi ne hanyar da gargaɗin ke bi kafin ya kai kunnen mai gona, da harshen da aka yi shi, da kwanakin da suka rage kafin ruwa ya iso.

A irin wannan rana ce ake gane amfanin shafin Facebook na ƙaramar hukuma, ko rashin amfaninsa.

A Amurka akwai lambar yabo da ake kira Golden Post, wadda ake bai wa hukumomin birane da gundumomi da suka yi fice wajen hulɗa da jama'a ta kafafen sada zumunta. Ghana kuwa ta daɗe da al'adar jera ƙananan hukumominta a kan sikeli. Tun shekarar 2014 asusun UNICEF da cibiyar CDD-Ghana suka fara fitar da jadawalin da ke nuna gundumar da ta yi gaba da wadda aka bari a baya ta fuskar ilimi da lafiya da ruwan sha da tsafta. Gwamnati ma tana da nata ma'aunin mai suna DPAT, kuma shi wannan yana da haƙora, domin makin da majalisa ta samu yana shafar yawan tallafin da za ta karɓa. Ke nan idan ana son a yaba wa majalisun da suka iya magana da jama'arsu ta waya, ba sai an ƙirƙiro wani sabon abu daga sama ba. Wuyar aikin tana wajen sanin abin da za a auna.

Doka ta riga ta faɗi nata. Dokar ƙananan hukumomi ta 2016, mai lamba 936, ta ɗora wa majalisu 261 da ƙasar ke da su a yau nauyin shigar da jama'a cikin harkokinsu, ta kuma ambaci hanyoyin yin haka, daga taron gari da allon sanarwa har zuwa hanyoyin sadarwa na zamani. Ta tanadi kwamitin hulɗa da jama'a da karɓar koke a kowace majalisa. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2019, mai lamba 989, ta ƙara da cewa duk wanda ya nemi bayani a rubuce, hukuma tana da kwana 14 ta yanke masa hukunci a kan buƙatarsa, kuma akwai bayanan da ya kamata ta fitar da kanta tun ba a tambaye ta ba. Saboda haka majalisar da ta wallafa kasafin kuɗinta a shafinta ba alfarma ta yi wa kowa ba.

Amma duk wanda ya saba leƙa shafukan irin waɗannan majalisu, a Ghana ne ko a maƙwabta, ya san abin da ya fi yawa a ciki. Shugaba ya karɓi baƙi a ofis. Shugaba ya yanke zare. Shugaba ya je gaisuwar mutuwa, ga hotuna goma sha biyu. A ƙarƙashin hoton kuma wani yana tambayar yaushe za a yashe kwalbatin unguwarsu, ba wanda ya tanka masa.

Ba a rasa dalili ba, kuma dalilin ya wuce laifin yaron da aka ba wa wayar ofis ya riƙe. A Ghana ba jama'a ke zaɓar shugaban ƙaramar hukuma ba. Shugaban ƙasa ne ke gabatar da sunansa, kansiloli su amince da shi da kashi biyu cikin uku na waɗanda suka halarta suka kaɗa ƙuri'a, kuma su kansu kansilolin kusan kashi 30 cikin ɗari naɗa su ake yi. An shirya ƙuri'ar raba-gardama a ranar 17 ga Disamban 2019 a matsayin wani mataki na sauya wannan tsari, amma Shugaba Nana Akufo-Addo ya soke ta ana saura makonni biyu, ya ce ba a samu haɗin kan ƙasa a kai ba. Wanda kujerarsa ke hannun fadar Accra, ba abin mamaki ba ne idan shafinsa ya fi kama da rahoton da yake aika wa Accra. Hoton yanke zare shaida ce ga uwar jam'iyya cewa ana aiki. Amsa wa mai tumatir a kasuwar Aboabo ba ya ƙara masa komai a can sama. Duk wata lambar yabo da za ta dogara da yawan mabiya da yawan hotuna, wannan ɗabi'a za ta ƙara wa gishiri.

Matsalar harshe ta fi wannan girma, kuma a Tamale ba ta ɓuya. Ƙidayar 2021 ta nuna cewa yankin majalisar birnin yana da mutane sama da 370,000, Sagnarigu da aka cire daga jikinsa a 2012 kuma tana da sama da 340,000, ga shi garuruwan biyu sun haɗe ta yadda baƙo ba zai san inda ɗaya ya ƙare ba. Wannan ƙidaya ta nuna kusan kashi 70 cikin ɗari na 'yan Ghana masu shekara shida zuwa sama sun iya karatu da rubutu, amma a Jihar Arewa adadin bai kai rabi ba. Harshen gari Dagbanci ne. Harshen zango da na fatauci, musamman tsakanin masu shigowa da kaya daga Bawku da Kumasi da Nijar da Najeriya, Hausa ce. Harshen takardar hukuma kuwa Turanci ne, Turancin ma irin na ofis. Sanarwar da aka buga a takarda mai hatimi, aka ɗauki hotonta aka liƙa a Facebook, ta cika sharaɗin cewa an sanar. Sai dai dattijuwar da ke sayar da koko a Zangon Hausawa ba za ta ji ta ba sai ranar da ma'aikata suka zo ɗauke mata tebur.

Mutanen zango sun fi kowa sanin wannan ciwo, domin tazara biyu ce tsakaninsu da ofis. Ba su ne masu rinjaye a gari ba, harshensu kuma ba shi ne na gwamnati ba. Haka abin yake ga Bahaushen Kumasi da na Lome da na Yawunde da na Abijan, sai dai a biranen uku na ƙarshe Faransanci ne ke zaune a kujerar Turanci. Ghana ta kafa asusun raya zangogi da doka a 2017, abin da ya nuna gwamnati ta amince akwai giɓi, amma gina makaranta ko rijiyar burtsatse a zango daban yake da yi wa mutanen zango magana da harshen da suke ji. Ba kuma za a fake da cewa kayan aiki ne babu ba. Facebook ya sanya Hausa cikin harsunansa tun 2016. Matasan Tamale da kansu suka tsaya har aka buɗe Wikipedia ta Dagbanci a 2021, ba da kuɗin majalisa ba. Idan 'yan sa-kai sun iya rubuta dubban maƙalu da Dagbanci, majalisar birni za ta iya naɗar saƙon murya na minti ɗaya.

Saƙon muryar nan shi ne abin da masu ba da lambar yabo daga nesa za su fi saurin mantawa da shi, don ba ya barin sawun da za a ƙirga. A Tamale labari yana tafiya ne ta WhatsApp, daga zauren kansila zuwa na matasan unguwa, zuwa na 'yan kasuwa da masu tuƙa keke mai ƙafa uku, daga nan ya faɗa gidajen rediyo irin su Radio Savannah da Zaa da Diamond, ya ƙarasa masallaci bayan sallar Magariba. Tsohuwar hanya ma ba ta mutu ba: motar shela ta ma'aikatar yaɗa labarai tana nan, fadar Gulkpe Na da ta Dakpema suna nan, kuma maganar da ta fito daga bakin limami ko sarkin zango tana da nauyin da shafin hukuma bai kai ba tukuna. Majalisar da ta san aikinta za ta ɗauki shafinta a matsayin mafarin wannan sarƙa, wato wurin da ɗan jarida da kansila da limami za su je su tabbatar cewa saƙon da ke yawo gaskiya daga ofis ya fito. A lokacin zaɓe ko rikicin sarauta, wanda Dagbon ta ɗanɗana shekara da shekaru kafin naɗin Ya Na Abukari na Biyu a Janairun 2019, samun wuri guda da za a gaskata ba ƙaramin abu ba ne.

To me ya kamata alƙalan irin wannan gasa su duba? Abu na farko kuɗi ne. Kundin tsarin mulki na 1992 ya ware wa majalisu aƙalla kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa ta asusun bai-ɗaya, kuma gwamnatin John Mahama ta yi alkawari a kasafin 2025 cewa kashi 80 cikin ɗari na asusun zai riƙa zuwa hannunsu kai tsaye. Kasafin kowace majalisa yana nan a shafin ma'aikatar kuɗi ta ƙasa, cikin takardu masu shafuka da yawa da ba kowa ke da datar saukewa ba, balle haƙurin karantawa. Majalisar da ta tsamo daga ciki ta ce ga abin da ya shigo a wannan zango, ga makarantar da za a yi wa rufi, ga ɗan kwangila, ga ranar gamawa, ta yi abin a yaba. Haka nan jadawalin haraji da kuɗin rumfa da majalisa ke amincewa da shi duk shekara. Idan mai shago ya san adadin da doka ta ce ya biya, mai karɓa ba zai yi masa ƙari ba, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa wasu ba za su so a wallafa shi ba.

Na biyu shi ne amsa. A ɗauki tambayoyi ashirin da jama'a suka yi a wata guda, a ga nawa aka amsa, cikin kwana nawa, kuma ko an goge masu zafi. Ruwan famfo a Tamale na kamfanin ruwa na ƙasa ne, wuta ta NEDCo ce, ba majalisa ke riƙe da su ba. Amma mai gidan da ya yi mako uku famfonsa bai ɗiga ba, yana sayen jarka daga masu kura, ba ruwansa da wannan rabon aiki. Ko da majalisa cewa ta yi ba hurumina ba ne, ga ofishin da za ka je, ga abin da suka shaida mana, ta fi wadda ta yi gum.

Akwai kuma batun raba shafin hukuma da na jam'iyya. Bayan sauyin gwamnati irin na Janairun 2025, shugabannin majalisu kan tafi gaba ɗaya a zo da sababbi. Idan mabiya da tarihin sanarwa duk suna kan shafin mutum ɗaya, ranar da ya sauka sai gari ya koma farawa daga sifili.

Mai karatu a Maraɗi ko Garwa zai iya cewa wannan ai gardamar masu ƙoshi ce, kuma yana da hujja. A Nijar sojoji sun rusa zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi a Afrilun 2024 suka naɗa kantomomi, kamar yadda aka yi a Burkina Faso tun 2022. Cadi ta toshe kafafen sada zumunta na tsawon wata 16 daga Maris ɗin 2018. Togo ta katse intanet a Satumban 2017, har kotun ECOWAS ta yanke a 2020 cewa hakan ya saɓa doka. Najeriya ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, kuma ƙananan hukumominta 774 sai da Kotun Ƙoli ta sa baki a Yulin 2024 kan batun ba su kuɗinsu kai tsaye. Ghana ba ta bi wannan hanya ba, har zanga-zangar FixTheCountry ta 2021 a intanet ta fara kafin ta fito titi. Wannan ne ya sa uzurin majalisun Ghana ya fi na kowa ƙaranci: layi a buɗe yake, doka tana nan, kansiloli zaɓaɓɓu suna nan tun zaɓen Disamban 2023.

Kwamitin da Shugaba Mahama ya kafa a Janairun 2025 don duba kundin tsarin mulki, ƙarƙashin Farfesa H. Kwasi Prempeh na cibiyar CDD-Ghana, ya sake buɗe ƙofar muhawara kan zaɓen shugabannin majalisu. Idan har aka kai ga ranar da mai rumfa a Aboabo da mai koko a zango za su kaɗa wa magajin garin Tamale ƙuri'a, shafin majalisa zai koyi Dagbanci da Hausa ba tare da an yi masa alkawarin kofi ba. Kafin nan, masu son gwada majalisun Tamale da Sagnarigu da Kumbungu suna da jarrabawa a shirye: su jira sanarwar Bagre ta gaba, su duba agogo, su ga wace majalisa ce ta fara fitar da ita da muryar da manomin Nawuni zai gane.